Gidan tarihin jazz na New Orleans da ire-irensa: yadda ake cin moriyar wuni guda

Baban Ilham

Assalamu alaikum jama'a. Tambayata ga waɗanda suka taɓa shiga gidan tarihin kiɗan jazz na birnin New Orleans ne, ko wani irinsa a Amurka. Mutum wuni ɗaya tak gare shi. Ta ina ake farawa, a kan me ya kamata a tsaya, kuma wane kuskure baƙi suka fi yi? Don Allah bayanin da zai yi aiki nake so, ba irin na 'yan talla ba.

Malam Na-Gangare

Wa alaikumus salam, Baban Ilham. Gidan yana lamba 400 a titin Esplanade, can ƙarshen unguwar French Quarter, dab da kasuwar French Market. Kada ka tafi kana neman gini mai kama da gidan kiɗa, wucewa za ka yi. Tsohon gidan buga sulalla ne na gwamnatin Amurka, jan gini babba da shingen ƙarfe. An soma buga kuɗi a cikinsa a 1838, aka daina gaba ɗaya a 1909, shi ya sa har yau mutanen gari Old Mint suke ce masa. Faɗa wa direban tasi wannan sunan, ya fi saurin ganewa.

Da ka shiga, a ƙasa injinan buga kuɗi za ka tarar da tsofaffin sulalla masu alamar harafin O. Nan baƙi da yawa suke ɗauka sun yi ɓatan kai, wasu kuma su ɓata rabin awa kan abin da ba shi ya kawo su ba. Kayan jazz suna sama. Ka kula da lissafinsu: Amurkawa da ƙasa suke fara ƙirga hawa, don haka hawa na biyu a wurinsu shi ne benen farko a wurinmu. Nan ne ɗakunan nuni. Hawa na uku kuma zauren wasa ne, inda makaɗa suke kiɗa kai tsaye.

Wajen ƙarfe 4 na yamma ake rufewa, ba a kaiwa dare. Awa biyu sun isa kallon kaya. Abin da zan jaddada shi ne ka fara duba jadawalin wasannin hawa na uku a shafinsu kafin ka tsayar da rana. Wanda ya je ranar da babu wasa, ƙahoni a cikin gilashi kawai zai kalla ya fito.

Hajiya Mai Garmaho

Malam Na-Gangare ya gama da hanya, bari in ƙara da abin da ke cikin gilashin, don ba na so a raina shi.

Abu na farko ƙahon da Louis Armstrong, shahararren makaɗin jazz ɗan garin, ya koyi busa da shi. A daren shiga shekarar 1913 aka kama shi yana ɗan shekara 11 don ya harba bindiga sama, aka kai shi gidan horon yara baƙar fata, can wani malami mai suna Peter Davis ya koya masa. Ƙahon gajere ne, irin wanda ake kira konet, duk ya lotsa, ƙarfen ya dushe. Yawancin mutane hoto suke ɗauka su wuce. Ka matsa kusa ka dubi bakin da ake sa wa leɓe: akwai 'yan tsage-tsage da yaron ya yi da hannunsa don leɓensa ya daina zamewa. Da su ya gane ƙahon lokacin da aka nuna masa shi a 1965.

Na biyu faifan 1917 na ƙungiyar Original Dixieland Jass Band, wanda ake lissafawa a matsayin faifan jazz na farko da aka sayar. A nan sai an yi hattara da fahimta. Makaɗan Turawa ne, kuma a New York aka ɗauka. Wannan bai sa su ne suka ƙirƙiro kiɗan ba, su aka fara buɗe wa ƙofar ɗakin ɗaukar sauti. Buddy Bolden, wanda tsofaffin makaɗan garin suke kira uban tafiyar, an kai shi asibitin masu taɓin hankali tun 1907, ya rasu a 1931, kuma babu faifansa ko ɗaya a hannun kowa. Hoto guda kawai aka sani nasa.

Akwai kuma farin piyanon mawaƙi Fats Domino da ruwan guguwar Katrina ya lalata a 2005 aka gyara. Shi kansa ginin guguwar ta yaye masa rufi, sai 2007 aka sake buɗewa. A sani dai kayan da suka mallaka sun ninka abin da ɗakunan za su ɗauka, juya su ake yi. In akwai takamaiman abin da ya kai ka, aika musu saƙo tukuna ka ji ko yana waje.

Ɗan Tsirkiya

Ranki ya daɗe Hajiya, kin taɓo inda aka fi yin kuskure, wato sauraro. Mutum ya sa abin ji a kunne, ya ji sauti siriri yana ƙarar tsatsa, ya ce ashe wannan ne abin da ake ta kururutawa, ya cire bayan daƙiƙa 20. Laifin ba na makaɗan ba ne, na na'urar zamanin ne.

Kafin 1925 ba a ɗaukar sauti da makirfo. Wani ƙaton mazurari ake kafawa, makaɗa su tsaya gabansa, iskar sautin ce da kanta take girgiza allura tana zana layi a kan kakin zuma. Mai ƙaho mai ƙarfi sai a tura shi baya, mai sauti sanyi a matso da shi gaba. Babbar ganga in aka doka ta da ƙarfi tana iya sa allura ta yi tsalle ta ɓata aikin, don haka mai ganga sau da yawa ɗan katako yake ƙwanƙwasawa maimakon ya saki hannu. Sautin ƙasa mai kauri kuwa kusan ba ya shiga. Sannan faifan garmaho mai faɗin inci 10, mai juyi 78 a minti, abin da yake ɗauka a fuska ɗaya bai wuce minti uku da 'yan kai ba. Waƙar da a dandali za a ja ta minti goma, dole a datse ta. Abin da ke faifan ke nan, ba abin da mutanen lokacin suka ji da kunnensu ba.

Ga yadda ake yi. Zaɓi waƙa ɗaya ka saurare ta sau uku. Karo na farko bi konet kaɗai, shi ne mai riƙe da jigon waƙa. Karo na biyu ka bar shi ka nemi kilarinet, siririyar muryar da ke yawo a sama tana cike gurbi. Na uku ka sauko kan tirombon, mai kauri, wanda yake zamewa daga sauti zuwa sauti yana amsa musu daga ƙasa. Su ukun a lokaci guda suke busa, kowa da nasa layin, ba tare da sun yi karo ba. Wannan shi ne salon New Orleans. Minti goma zai ci maka, amma daga nan sauran ɗakunan za su yi ma'ana. Wanda ya saba jin makaɗi da 'yan amshinsa ba zai sha wuya ba, sai dai a nan amshin ba ya jiran a kai aya.

Ka kuma tsaya kan banjo in an fito da shi. Masana suna danganta asalinsa da kayan tsirkiya na Afirka ta Yamma, musamman akonting na yankin Senegal da Gambiya. Na farkon da bayi suka ƙera a can duma ne da fata da sanda, ƙirar da duk wanda ya san gurmi zai gane.

Yaya Talatu

Ni fa ban yarda a ƙare a cikin gini ba. Baban Ilham, in ka fito ka taka zuwa dandalin Congo Square da ke cikin lambun Louis Armstrong a titin North Rampart, tafiyar minti 15 zuwa 20 ce a ƙafa. Nan ne bayi suke taruwa ranar Lahadi suna kiɗa da rawa da ciniki, kuma a 1817 hukumar gari ta taƙaita taron nasu a wannan fili. Shiga kyauta ne. Kada ka sa ran ganin wani abu mai yawa, fili ne da manyan itatuwa da allon bayani. Ranar Lahadi da yamma akan samu masu ganguna.

Batun jiki kuma, wanda ba wanda ya faɗa. Daga Yuni zuwa Satumba zafin garin mai gumi ne, ba irin busasshen zafin da muka sani ba, riga takan jiƙe cikin minti kaɗan, cikin gidan kuma na'urar sanyaya ɗaki kamar ta kashe mutum. A riƙe 'yar riga ta sama da ruwan sha da lema. Lokacin guguwa daga 1 ga Yuni ne zuwa 30 ga Nuwamba. A farkon Agusta a harabar gidan ake bikin Satchmo SummerFest (Satchmo laƙabin Armstrong ne), saboda ranar 4 ga Agusta 1901 aka haifi Armstrong. Kiɗa kam sai ka ture, amma ba ranar kallon kaya cikin natsuwa ba ce. Ƙarshen Afrilu zuwa farkon Mayu kuma lokacin babban bikin jazz na garin ne, kuɗin masauki yakan yi tashin gwauron zabi.

Abinci: gumbo da jambalaya da jan wake da shinkafa, galibi da naman alade ake haɗa su, ko dai tsiran alade ko romonsa, ko da an rubuta na kifi ne ko na kaza. Tambaya ake yi ƙarara, kada a dogara da sunan da ke takarda.

Malam Na-Gangare

Gaskiyarki Yaya Talatu. In dare ya yi kuma ana son jin salon da Ɗan Tsirkiya ya bayyana da kunne, sai Preservation Hall a lamba 726 titin St. Peter, tun 1961 suke yi. Ɗaki ne ƙarami, benci kaɗan, saura tsayuwa. Kowane zama kamar minti 45 ne, ba a sayar da giya a ciki, ana shiga da yara, kuma ba a yarda da ɗaukar hoto ko bidiyo in an fara ba. A sayi tikiti ta intanet tun da wuri, don wurin ba ya ɗaukar mutane da yawa. Titin Frenchmen, mai wuraren kiɗa da yawa, ya fi kusa da gidan tarihin, tsallaka Esplanade kawai za ka yi, amma yawancin wuraren mashaya ne, ana duba shekaru a ƙofa.

Alhaji Na-Queens

Ga wanda New York ce hanyarsa, gidan Armstrong kansa yana unguwar Corona a Queens, lamba 34-56 titi na 107. Jirgin ƙasa mai lamba 7 ake hawa, a sauka tashar 103rd Street–Corona Plaza, sauran a taka. Matarsa Lucille ce ta saya a 1943, a ciki ya zauna har rasuwarsa a 1971, aka buɗe shi ga jama'a a 2003.

Tsarinsa daban ne da na New Orleans. Ba ka shiga ka yi yawo kai kaɗai, sai da ɗan rakiya, rukuni-rukuni, kamar minti 40, kuma ba kowace rana ake buɗewa ba. Kuskuren da ake yi shi ne zuwa babu tikiti, a tarar duk zagayen ranar sun cika. Akwai matakala, mai ciwon gwiwa ya sani. A ɗakinsa na sama za ka ga na'urorin kaset mai zare da yake ɗaukar hirarsa da iyali da baƙi, ya bar ɗaruruwan kaset, har kwalayen da kansa yake yi musu ado da hotunan da ya yanko. Ɗan rakiya yakan kunna muryarsa a ɗakin da aka ɗauke ta. A ganina wannan ya fi duk wani ƙaho a gilashi. Kicin ɗin shuɗi ne kal, banɗakin ƙasa kuma madubi ne ko'ina. A tsallaken titi akwai sabuwar cibiya da aka buɗe a 2023, can ake ajiye takardunsa da kaset-kaset ɗinsa, ka ware mata awa guda daban.

Mutumin ya zo ƙasarmu ma. Ya je Ghana a 1956, ya zo Najeriya a 1960, akwai hotonsa da Sardauna Ahmadu Bello a Kaduna.

Ɗan Tsirkiya

Alhaji, tunda ka kawo wannan, a ƙara da Yusef Lateef, mai busa saksofon da sarewa, Musulmi ne, ya zauna Zariya daga 1981 zuwa 1985 yana bincike a Jami'ar Ahmadu Bello, har da nazarin sarewar Fulani. Ba lalle ka ga sunansa a bangon New Orleans ba, don su sun fi karkata ga 'yan garinsu, amma ya kamata namu su sani.

Hajiya Mai Garmaho

Kansas City a taƙaice, tunda an ce ko wani irinsa. American Jazz Museum yana unguwar 18th and Vine, an buɗe a 1997. A kula: garin biyu ne masu suna ɗaya a jihohi biyu, wannan a ɓangaren Missouri yake, ba Kansas ba. Gini ɗaya suke da gidan tarihin ƙwallon baseball na baƙar fata. Abin gani shi ne farin saksofon na roba da shahararren makaɗi Charlie Parker ya busa a Toronto a 1953. Akwai wuraren sauraro a nan, kuma akwai zauren Blue Room a jikin ginin da ake kiɗa wasu darare. Amma ban ba mutum shawarar ya hau jirgi musamman don shi ba, sai in hanya ta biyo.

Baban Ilham

Allah ya saka da alheri, na ƙaru ƙwarai. Saura ɗaya: ranar da nake da ita Lahadi ce. Ta yi, ko in nemi canji?

Yaya Talatu

Kada ka canza, Lahadi ta fi kowace. Shiga gidan da safe da an buɗe, ka fito kafin azahar. A yawancin Lahadin shekara, ban da tsakiyar zafi, ɗaya daga cikin ƙungiyoyin taimakon juna na unguwanni takan fito da jerin gwano da 'yan badujala, jama'a su bi baya suna rawa, shi ake kira second line. Yakan ɗauki wajen awa huɗu, daga tsakar rana. Gidan rediyon WWOZ, mita 90.7, yana sa hanyar da za a bi a shafinsa kafin ranar. Ba sai ka bi duka ba, duba inda za su ratsa kusa da unguwar Tremé ka tare su can. Sa takalmi rufaffe, riƙe tsabar kuɗi kaɗan don masu sayar da ruwa, waya a aljihun gaba, kuma kada ka shiga cikin igiyar da ta kewaye 'yan ƙungiya da makaɗa, wurinsu ne. Motoci ba sa ratsa titin da ake bi, don haka in za ka kira tasi sai ka taka layi uku ko huɗu daga wurin tukuna.