Hoton majigi ya fito kai ƙasa bayan an ɗaure shi a silin

Mai tambaya:
Assalamu alaikum, malamaina da 'yan'uwa. Ina koyar da kimiyya a wata makarantar sakandare, kuma a makon jiya ne aka ɗaure mana majigi ƙirar Epson a silin, bayan mun shekara biyu muna ɗora shi a kan tebur ɗalibai suna tuntuɓe da wayarsa. Da yake a kife aka ɗaure shi, ƙafafunsa na kallon sama, ina haɗa kwamfutata da wayar HDMI sai hoton ya fito kai ƙasa. Na shiga saitin allo na Windows 10 na juya shi, ya daidaita a bango, amma sai fuskar kwamfutata ta kife, har kibiyar linzami ta riƙa yin hagu idan na tura ta dama. Ɗalibai na zaune suna jira, dole na koma ga alli, kuma abin ya dame ni ƙwarai domin zanen zuciyar ɗan Adam na shirya nuna musu. Ta yaya zan juya hoton majigin shi kaɗai?

Amsa ta farko:
Wa alaikumus salam, Malam. Abin da ya faru shi ne kwamfutarka tana kwafe allo ɗaya ne zuwa wuri biyu, kuma a wannan yanayi Windows yana ɗaukar su a matsayin abu guda, duk abin da ka yi wa ɗaya sai ya shafi ɗayan. Ka danna maɓallin Windows tare da harafin P, za ka ga zaɓi huɗu, sai ka bar na biyu da kake kai ka ɗauki na uku, inda aka rubuta "Extend". Daga nan ka koma saitin allo, za ka tarar da akwati biyu masu lamba 1 da 2. Ka danna na majigin tukuna, yawanci shi ne 2, sannan ka juya shi. Idan ka yi kuskure kada ka taɓa komai, bayan daƙiƙa 15 zai koma yadda yake da kansa.

Amsa ta biyu:
Bayanin ɗan'uwana daidai ne, sai dai ni da nake sana'ar ɗaura waɗannan na'urori ba zan ba da shawarar a gyara daga kwamfuta ba. Matsalar tana jikin majigin, domin har yanzu a saitinsa yana kan tebur ne. Idan ka gyara daga kwamfutarka, ranar da wani malami ya zo da tasa zai tarar da hoton a kife, kuma rubutun majigin kansa zai ci gaba da fitowa kai ƙasa. Ka mayar da saitin Windows yadda yake tun farko, ka ɗauki rimot ka danne maɓallin "A/V Mute" kamar daƙiƙa biyar ba tare da ka saki ba. A yawancin na'urorin Epson hoton zai ɗauke na ɗan lokaci, ya dawo a miƙe. Idan bai yi ba, ka shiga jerin saitinsa ka nemi "Projection", ka zaɓi "Front/Ceiling". Ka yi hattara da zaɓin da aka rubuta "Rear", domin na masu haska labule ta baya ne, rubutu zai fito a juye kamar a madubi. Wannan aiki ne da ya kamata wanda ya ɗaure muku shi ya gama kafin ya sauko daga tsani.

Amsa ta uku:
Ranka ya daɗe, ko bayan ka gyara majigin, ina ganin ka zauna a kan zaɓi na ukun nan na Windows, wato "Extend". Da shi ne PowerPoint ke nuna wa ɗalibai darasi a bango, kai kuma kana ganin bayananka da shafi na gaba a kwamfutarka. Kada ka firgita idan bangon ya fito wayam, sai ka ja abin da kake son nunawa da linzami zuwa gefen dama har ya tsallaka.

Mai tambaya:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Yau da safe kafin a shiga aji na danne maɓallin rimot ɗin, hoton ya miƙe, na kuma gwada da kwamfutar malamin lissafi, ita ma ta fito daidai. Abin da ya rage shi ne saman hoton ya fi ƙasansa ƙanƙanta kaɗan, ko wannan ma daga rimot ake gyara shi?