Manhajarmu ba ta buɗewa a tsofaffin kwamfutoci, ta ina za a fara gwaji?

dan_birni:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai manhaja mai buɗaɗɗen tushe da 'yan sa-kai ke haɗawa da yaren shirye-shirye na Python da Qt (laburaren gina tagogin manhaja). A sababbin na'urori tana tafiya lafiya lau, amma masu tsofaffin laptop na hannu, irin Core 2 Duo mai RAM 2GB, suna ta ƙorafin ko buɗewa ba ta yi. Wasu na kan Windows 7, wasu Ubuntu 18.04. Me za a fara dubawa?

injiniya_kano:
Wa alaikumus salam Malam. Fara da tsarin aiki tukuna. Python 3.8 ne na ƙarshe da ke aiki a Windows 7. In an haɗa manhajar da 3.9 ko sama, za ta ce ba ta ga api-ms-win-core-path-l1-1-0.dll ba. Kada kowa ya je ya sauko da wannan fayil daga shafukan da ba a sani ba, haɗari ne. Qt 6 kuma sai Windows 10, don haka masu Windows 7 sai a yi musu gini na daban da Qt 5.15.

A Linux, irin su Ubuntu, matsalar yawanci glibc ce, wato babban laburaren da manhajoji ke dogara da shi. Ubuntu 18.04 na da 2.27, 20.04 na da 2.31, 22.04 kuma 2.35. Abin da aka gina a kan sabuwa sau da yawa ba ya tashi a kan tsohuwa, sai ka ga "GLIBC_2.34 not found". Duba da `objdump -T fayil | grep GLIBC_`, sannan a riƙa yin ginin a cikin kwantenar Docker (keɓaɓɓen muhallin aiki a cikin kwamfuta) ta mafi tsufan tsarin da kuka yi alkawarin tallafawa.

yar_linux:
Ƙari a kan bayanin Injiniya: gwaji a VirtualBox, manhajar da ke kwaikwayon wata kwamfuta a cikin taku, ba zai nuna muku matsalar firosesa ba, domin na sabuwar kwamfutarku yake aro. Core 2 Duo ba shi da SSE4.2, ba shi da AVX, wato rukunan umarnin da sababbin firosesa ke ganewa. AVX ya zo ne da firosesan Intel na Sandy Bridge a 2011, AVX2 da Haswell a 2013. In wani ya gina da `-march=native` a sabuwar na'ura, tsohuwa za ta mutu nan take da "Illegal instruction", a Windows kuma lambar 0xC000001D. A sa `-march=x86-64`, a kuma binciki laburaren da aka jawo a shirye, don sau da yawa laifin nasu ne.

Gwajin: a kwaikwayi tsohon firosesan da QEMU, `qemu-system-x86_64 -cpu core2duo -m 2048`, ba tare da KVM ba (hanyar da ke miƙa aikin kai tsaye ga ainihin firosesanku). Zai yi nauyi sosai, sai haƙuri, amma da KVM wasu umarnin na iya wucewa ba a kama su ba.

mai_gyaran_laptop:
Duk da haka a nemi ainihin tsohuwar na'ura ko da guda ɗaya, mai hard disk ɗin da ke juyawa. Katin hoto na Intel GMA 950 bai wuce OpenGL 1.4 ba (tsohon sigar tsarin zana hotuna a allo), taga takan fito baƙa ƙirin. A Linux gwada `LIBGL_ALWAYS_SOFTWARE=1`; in ta buɗe, katin ne.

A duba agogo ma. Batirin CR2032 na kan allon na'ura in ya mutu, kwanan wata ya koma baya, duk haɗin HTTPS ya ƙi, a ɗora wa manhaja laifi a banza. Mai kai rahoto ya haɗa da sakamakon `lscpu` da `ldd --version` da ainihin saƙon kuskuren, harafi da harafi.