Yaushe ne makaɗan rok ke fara sayar da kansu?

Ɗan Maigadi (Agege):

Salamu alaikum jama'a. Na san a zauren nan hirar kasuwa da ƙwallo aka fi yi, amma ku yi mini haƙuri yau, akwai abin da ya tsaya mini a rai tun ranar Asabar.

Muna dawowa daga Idumota ni da babban ɗana, gosulo ya riƙe mu a kan gadar Third Mainland wajen awa ɗaya da rabi. Da na gaji da surutun rediyo sai na sa waƙar Master of Puppets ta Metallica, ƙungiyar makaɗan rok ta Amurka. Jita na tashi yaron ya ɗago kai daga waya ya ce, "Baba, ashe kai ma kana kallon fim ɗin nan?" Na ce wane fim? Ashe a 2022 an sa waƙar a wani fim mai dogon zango na Netflix, shi a can ya san ta. Waƙar da ta fito tun 1986, uwarsa ko firamare ba ta shiga ba. Ban tanka masa ba, amma har muka sauka Oworonshoki raina a ɓace yake.

Bari ku ji yadda aka yi ɗan Bakatsine ya san wannan kiɗa. Mahaifina, Allah Ya jiƙansa, gadi yake yi a gidan wani Bature a Ikoyi, mu muna ɗakunan baya. A 1992 da Baturen zai koma gida sai ya bar masa kwali guda na kasakasai. Baba ya jarraba ɗaya, ya ji kamar ana dukan ƙarfe a maƙera, ya ce wannan kiɗan aljanu ne, a kai bola. Ni kuwa ina ɗan shekara 15, na tura kwalin ƙarƙashin gadon Inna. Da biro nake juya zaren kaset don kada batir ya ƙare. Rabin abin da suke faɗa ba na ji. Amma waƙa ɗaya sai ta ci minti takwas da ɗoriya, ta yi gudu, ta tsaya cak, ta koma sanyi kamar ana rarrashin jariri, sannan ta sake ɓarkewa.

A cikin kwalin akwai baƙin kundin nan nasu na 1991, wanda furodusa Bob Rock ya yi musu aikinsa. Shi ma na so shi, ba zan yi ƙarya ba. Sai dai tun a lokacin na ji an gajarta waƙoƙin, an goge su sun yi santsi yadda gidan rediyo zai iya ɗauka. Shi ne kuma ya kawo musu arziki, a Amurka kaɗai an sayar da sama da kwafi miliyan 16. Can a ƙarshen 1996 na sayi sabon kundinsu, Load, a hannun wani mai tura kaset a baro. Na duba hoto na ga mutanena sun aske sumar, wasunsu har da kwalli. Kiɗan ma ya yi laƙwas. A 2000 kuma suka kai Napster kotu, manhajar nan ta musayar waƙoƙi a intanet, suka miƙa sunayen mutum sama da 300,000 da ke saukar da waƙoƙinsu kyauta. Masoyansu fa!

To ga tambayata. A wane mataki ne ƙungiya take sayar da kanta: ranar da ta sa hannu da babban kamfani, ko ranar da ta fara tambayar abin da kasuwa ke so kafin ta ɗaura jita? Kuma kuɗin ne ke kashe basirar, ko basirar ce ke fara ƙafewa sannan su bi kuɗi? Ni dai a ganina kwaɗayi ne, amma ina son jin ta bakinku.

Baba Na-Ikko (Obalende):

Wa alaikumus salam ɗana. Allah Ya jiƙan mahaifinka, kuma gaskiyarsa, wancan naka kiɗan maƙera ne.

Kai ka ɗauka rok a kwali ya zo Ikko. A'a. A 1973 ina saurayi a nan Obalende, yaran makarantar St. Gregory, wadda ke nan bayan gidanmu, suka fitar da faifai a kamfanin EMI. Ofege ake ce musu. Yara ne 'yan sakandare, da kayan makaranta muke ganinsu suna wucewa, amma ba shagon da za ka gifta ba ka ji jitarsu tana kuka ba. A shekarar ce kuma wata ƙungiyar Ikko, BLO, suka yi faifansu na farko, su uku kacal, wasunsu sun yi kiɗa da Ginger Baker, Baturen nan mai ganga da ya buɗe situdiyo a Ikeja. A shekarar dai Paul McCartney, shahararren mawaƙin Ingila, ya zo ya yi aiki a situdiyon EMI da ke Apapa, 'yan fashi suka tare shi da wuƙa da dare, Fela kuma ya zarge shi da zuwa satar kiɗan baƙar fata. Wannan wani labari ne daban.

Abin da nake so ka gane shi ne, kafin 1980 BLO sun koma disko. Mu ma a lokacin mun yi ta ƙorafi kamar yadda kake yi. Yanzu da na tsufa na ga ba su ne suka bar mu ba, mu muka bar su. Kuɗin mai ya shigo, faya-fayen Amurka suka cika gari, mai gidan rawa ya ga ya fi masa sauƙi ya ɗauki yaro ɗaya mai juya faifai a kan ya biya ƙarti biyar da kayan kiɗansu. Mutum da iyali zai zauna yana kaɗa wa kujeru jita? In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Mai gangarsu, Laolu Akins, furodusa ya koma, shi ya yi wa Shina Peters aikin da ya tashe shi a 1989.

Sannan wannan kunyar karɓar kuɗi, ta 'ya'yan Turawa ce, ba tamu ba. Narambaɗa makaɗin fadar Sarkin Gobir na Isa ne, a gidan sarki yake ci yake sha, ka taɓa jin an ce waƙarsa ta lalace don haka? Shata ya yi wa sarakuna, ya yi wa attajirai da direbobi, a bainar jama'a ake ba shi mota da doki. Har ya rasu a 1999 ba wanda ya ce ya sayar da kansa. Abin da bai yi ba shi ne ajiye kalangu don wani mai kuɗi ya ce ba ya so. A nan nake auna mawaƙi. Ya karɓi abin da zai karɓa, amma in ji wa ke da ta cewa a kan kiɗan. In kamfani ne, to kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Mai Doya (Mile 12):

Ikon Allah. Muna nan muna lissafin kuɗin mota daga Zaki Biam, ku kuna zaman makokin wani Bature ya aske kansa shekara kusan talatin da suka wuce. Ni in akwai kamfanin da ke sayen mutane ku ba shi lambata, ko ciniki ba zan yi ba.

Maman Hanan (Surulere):

Mai Doya, Allah Ya shirye ka.

Yaya Ɗan Maigadi, ban yarda da kai ba, kuma da makamanka zan kayar da kai. Wane kundi ne na Metallica ya fi kowanne muni a wurin yawancin masoyansu? St. Anger na 2003. Ganga kamar ana buga gwangwanin madara, babu ko wuri ɗaya da aka bar jita ta yi kukanta ita kaɗai. To wannan don kasuwa aka yi shi? Wane gidan rediyo ne ya roƙi wannan? Sun yi shi ne suna ƙoƙarin nuna cewa har yanzu su 'yan tauri ne, a lokacin da mai jitar bas ɗinsu ya tafi, mawaƙinsu ya shiga asibitin daina shaye-shaye, har sai da suka ɗauko mai sasanta su. Baƙin kundin da ka ce an goge kuwa, yau shekara sama da talatin ana jin sa. Ka ga bin kasuwa daban, lalacewar aiki daban.

Ni 'yar zamanin ƙungiyar Linkin Park ce. Kundinsu Hybrid Theory ya fito a 2000, ina ƙaramar sakandare, ni da yayana muke faɗa a kan faifan. A watan Mayu na 2017 suka fitar da One More Light, mai sanyi, kusan babu ihu a ciki. Ina cikin waɗanda suka zage su a Facebook, na rubuta cewa sun zama 'yan amshin shatar kasuwa. Bayan wata biyu, ranar 20 ga Yuli, mawaƙinsu Chester Bennington ya rasu. Ina bakin aikin dare na gani a waya. Da na koma gida na saurari kundin tun daga farko, a karo na farko da kunnen basira, sai na ji ashe mutum ne yake faɗin damuwarsa ƙarara, mu kuma muna ta ƙorafin ba a buga jita da ƙarfi ba. Na je na goge abin da na rubuta. Tun daga ranar nake taka-tsantsan da kalmar nan.

In ana neman waɗanda suka yi abin kunya da gaske, ƙungiyar U2 ce a 2014. Suka haɗa baki da Apple aka cusa sabon kundinsu a asusun iTunes na mutum miliyan 500 ba tare da an tambayi kowa ba. Ni da tsohuwar iPhone ɗina ta hannu da na saya a Computer Village, kawai na wayi gari na ga baƙi a ɗakina. Sai da Apple ya fito da hanyar cire shi saboda yawan ƙorafi.

Ba'adare (Idi-Araba):

Gaisuwa ga manya. Ni daga Tawa nike, kuma namu labarin juye yake da naku.

Mdou Moctar, makaɗin jita ɗan ƙasarmu Nijar, wanda yanzu Turawa ke cika fili don su ga yana kaɗa jita da hannun hagu, kundinsa na farko a Sakkwato ya yi shi a 2008. Da na'urar nan mai lanƙwasa murya, irin ta waƙoƙin finafinan Kano. Ta bulutut munka riƙa tura wa juna shi a waya, daga katin wannan zuwa na wancan. Wato da abin da kasuwarmu ke so ya fara. Sai da ya samu kamfanin Amurka, Matador, sannan ya fitar da Afrique Victime a 2021, jita tsagwaronta, tana ƙara kamar hadari. Bombino ma, wani makaɗin jita namu, a Nashbil ta Amurka ya yi kundinsa na 2013, da furodusa Ba'amurke.

To wanne ne sayar da kai a nan? Wani abokina cewa yake na Sakkwato ne na gaskiya, don mu anka yi wa shi, na yanzu kuwa an yi shi ne don Bature mai son ganin rawani da hamada. Ni kuma na yanzu na fi so. Mun yi shekara biyu muna wannan gardama a wurin mai shayi, ba wanda ya sauka. Abin da na lura, kowa yana kare wanda ya fara ji ne.

Ɗan Maigadi (Agege):

Kai, kun taru a kaina. Maman Hanan, maganar St. Anger kin kama ni, ba ni da amsa. Sau ɗaya na saurare shi, janaretan da nake gyarawa ya fi shi daɗin sauti.

Jiya da na rufe shago na zauna na sake jin kundin 1986, wanda Master of Puppets ke ciki, daga farko har ƙarshe. Na gano wuraren da suka fi kama ni, inda kiɗan ke lafawa ya koma kamar addu'a, musamman a waƙar Orion, yawanci hannun Cliff Burton ne, mai jitar bas. Shi kuwa ya rasu a watan Satumba na shekarar, motarsu ta kife da su a Suwidin, yana ɗan shekara 24. Wato tun kafin kwalin ya iso Ikoyi da shekara shida, ƙungiyar da nake so babu ita. Na yi shekaru ina ɗora wa Bob Rock da wanzami laifi.

Maganar sunaye 300,000 dai har yanzu ban yafe ba. Sai dai da na faɗa wa uwargida, cewa ta yi, "Kai nawa ka taɓa ba su?" Na yi lissafi. Kwali kyauta na same shi. Load na baro ne, kowa ya san ba na asali ba ne. Sauran a waya wani yaro ya zuba mini. Shekara sama da talatin, ko sisina bai taɓa shiga aljihunsu ba, kuma ni ne mai fushi sun bi kuɗi.

Baba, ma'auninka na kalangu na karɓa rabi. Don su Metallica ba wanda ya tilasta musu, da kansu suka ɗauko furodusan. In mutum da kansa ya ajiye kalangun fa, wa za a kama?

Wata sabuwa kuma: yaron nan yanzu ya matsa sai ya ji waƙar a kaset ɗin ainihi. Kaset yana nan, amma robar rikodar ta tsinke tun tuni. Akwai wanda ya san mai gyaran irin wannan a garin nan?

Baba Na-Ikko (Obalende):

Wanda ya ajiye da kansa, shi da Allahnsa, ni ban da hurumi.

Rikoda kuwa kada ka wahalar da kanka, tawa tana aiki. Ka zo ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ka taho da yaron da kaset ɗin. Zan ba ku minti takwas ɗinku, ban ƙara ko ɗaya ba, maƙwabtana masu mutunci ne. Daga nan ku zauna ku ji Ofege a faifan garmaho. Wancan na baro kuwa ka bar shi a Agege.