Baƙin toka a Fatakwal, zan iya kai iyali?

Ɗan Tireda:
Salam 'yan uwa, na samu shago a Fatakwal ina so in ɗauko iyali, amma ƙaramin ɗana yana da asma kuma ana ta ce min garin akwai wani baƙin toka da ke sauka daga sama. Don Allah wanda ya zauna can ya faɗa min gaskiya.

Maman Hanifa:
Wslm. Gaskiya ne wallahi, tun wajen ƙarshen 2016 abin ya fara. Ka shanya farin kaya da daddare da safe ka same shi baƙi, yara su taka tayil ƙafarsu ta yi baƙi ƙirin, har in ka fyace majina baƙa take fita. Lokacin hunturu ya fi muni saboda ba ruwan sama da zai wanke iskar.

Baban Sadiq:
Malam yawancinsa daga masu satar ɗanyen mai ne da suke dafa shi a daji cikin manyan tankuna, can suna ce masa kpofire, sannan jami'an tsaro in sun kama kayan sai su cinna musu wuta hayaƙin ya ƙaru, ga iskar gas da ake ƙonawa a rijiyoyin mai da masu ƙona tayoyi. A farkon 2022 Wike, gwamnan jihar Ribas na lokacin, ya sa aka rusa wuraren dafa man da yawa, ya ɗan lafa.

Maman Hanifa:
Yaro mai asma dai ka fara kai shi wajen likita tukun, inhela, wato abin shaƙar maganin asma, kar ta yanke a gida, tagogi a rufe da daddare.