Kwamfutoci biyu a gida ɗaya sun ƙi ganin juna

Mai hoto, Tudun Wada: Salamu alaikum jama'a. Hotunan biki nake gyarawa a gida, na gaji da yawo da filas tsakanin laftof da babbar kwamfuta. Duk rauta ɗaya suke ja, wato na'urar da ke raba intanet a gida, na buɗe foldar don rabawa, amma laftof sai ta jefo min 0x80070035, wai ba ta ga hanya ba. Wa ya taɓa cin karo da wannan?

Ɗan Malali: Wa alaikumus salam. Nawa kwana biyu ya ci min, ashe a saitin Windows waifai ɗin gidana a matsayin na jama'a yake, irin na otal, shi ya sa kwamfutar ta ɓoye kanta. Ina mayar da shi na gida suka ga juna. Fara duba nan, Malam.

Injiniya, Kawo: Kar ka zauna jiran sunan babbar kwamfutar ya fito, rubuta lambar da rauta ta ba ta kai tsaye, kamar \\192.168.1.20. Amma ga inda na sha wuya. Da safe komai lafiya, a ɗauke wuta, in tada janareta, rauta ta farka ta sake rabon lambobi, 20 ta koma 23. Ni ko na ɗora wa wayar haɗi laifi, har sau biyu ina yanke kanta ina sake matsewa, gumi na ɗiga a kan tabarma. Sai da na shiga cikin rautar na ware wa kwamfutar lamba ɗaya tak, sannan na huta.

Malama, Unguwar Rimi: Ni kalmar sirri ce ta hana ni sakat. PIN ɗin da nake buɗe kwamfuta da shi nake ta sawa, alhali kalmar sirrin asusun ake nema.

Ɗan Malali: Af, na manta. Duk bidiyon da ya ce maka HomeGroup, tsohon tsarin raba fayil tsakanin kwamfutocin gida, wuce shi, tun 2018 aka cire shi daga Windows 10. In kuma an ce ka kunna SMB1, tsohuwar hanyar raba fayil ta Windows, kar ka yarda, ta nan ƙwayar cutar kwamfuta WannaCry ta yi ɓarna a 2017.

Mai hoto, Tudun Wada: Allah Ya saka da alheri. Kunya ma nake ji. Laftof ɗin tana kan waifai ɗin baƙi da na buɗe wa ƙannen Uwargida da Sallah, shi kuwa ba ya barin na'ura ta ga 'yar'uwarta. Yanzu foldar ta buɗe, sai dai bidiyon kamu yana tafiyar hawainiya. Injiniya, wayar nan taka mita nawa ka saya?