Manazarta: wace wahala kuka sha kafin kundinku ya wuce?

Ɗalibar digiri na biyu: Salamu alaikum 'yan uwa. Jiya malamin da ke duba aikina ya dawo mini da babi na biyu, jan biro ko'ina, kusan duk a kan madogara. Marubuta 11 na ambata cikin rubutu babu su a manazarta (wato jerin littattafan da aka dogara da su, a ƙarshen kundi), 4 kuma suna manazarta ban ambace su ko sau ɗaya ba. Abin da ya hana ni barci wata magana ce mai nauyi da na kwafa a littafin rubutuna bara, ban sa sunan littafin ba, balle shafi. Don Allah waɗanda suka riga mu, me ya same ku, kuma yaya kuka fita?

Tsohon ɗalibin sashen Hausa: Wa alaikumus salam ƙanwata. Ni a ranar kare kundi abin ya same ni. Na kawo ma'anar wata kalma na jingina ta ga ƙamus na Bargery na 1934, har da lambar shafi, alhali daga kundin wani da ya riga ni na ɗauko. Malamin da aka gayyato daga wata jami'a ya cire tabarau ya ce, "Malam, ka taɓa buɗe ƙamus ɗin nan da hannunka?" Na ce a'a. Ya sa aka ɗauko shi daga ofis, aka buɗe shafin a gabana, kalmar ba ta wurin. Mai wancan kundin ya yi kuskure, ni kuma na gaje shi, kuma Allah kaɗai ya san mutum nawa suka gada kafin ni. Gumi ya jiƙa mini riga. Bai kayar da ni ba, amma ya koya mini ƙa'idar: abin da ba ka gani da idonka ba, ka rubuta "Bargery, 1934, kamar yadda wane ya kawo", sannan wanda ka karanta ɗin shi kaɗai zai shiga manazarta.

Mai nazarin tarihi: Mu a ƙasan shafi muke kawo madogara, tsarin da ake kira salon Chicago. Kwana 5 na yi a Kaduna ina ɗaukar hoton takardun zamanin Turawa a gidan adana kayan tarihi na ƙasa. Na dawo gida da hotuna sama da 200, ban ɗauki bangon fayil ko ɗaya ba, inda lamba take. Sai da na sake biyan kuɗin mota. Wannan mai sauƙi ne, tunda takarda tana jira. Wanda har yau yake ci mini rai hira ce da wani dattijo a garinmu kan fataucin goro. Ban rubuta ranar ba, ban tambayi shekarunsa ba, na ce zan koma. Kafin in koma ya rasu, Allah ya jiƙansa. Yanzu kafin tambayar farko nakan faɗa cikin rikoda: suna, shekaru, sana'a, unguwa, kwanan wata.

Ɗalibin tsangayar ilimi: Ku tambayi sashenku bugun APA da suke bi, wato littafin ƙa'idojin rubuta madogara da manazarta. Ni na bi na 7, wanda ya fito a 2019, na cire garin da aka buga littafi, marubuta uku kuma na sa na farko "da wasu" tun ambaton farko. Ashe takardar sashenmu tana kan na 6. Mako guda na yi ina mayar da Zariya da Ibadan gaban sunayen maɗaba'u.

Malama a sashen nazarin Musulunci: Abin da nake yawan gyarawa shi ne "Bukhari ya ruwaito" a tsaya nan. A wa'azi ya wadatar, a kundi sai an kawo littafi da babi da lamba, a kuma faɗi bugun, domin lambobin hadisi suna sauyawa daga bugu zuwa bugu. Hadisin niyya shi ne na 1 a Bukhari, a Muslim kuwa na 1907 ne bisa lissafin Muhammad Fu'ad Abdulbaƙi. Shekarar Hijira ma a bar ta yadda take a littafin, a nuna Hijira ce. Nakan tuna wa ɗalibaina cewa mu da muka tashi da isnadi bai kamata a ce wani ne zai koya mana faɗin daga wa muka ji ba.

Wani malamin jami'a: Ƙari kaɗan, 'yata. Sauya kalmomin mutum ba ya mayar da tunaninsa naki. Ko kin fassara shi daga Turanci zuwa Hausa, Turnitin, manhajar gano kwafe, bai kama ba, satar fasaha ce in babu madogara. Sai sunayenmu. Da yawa cikin masananmu sunan gari ne a ƙarshe, shi ya sa ake rubuta Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau "Gusau, S. M." Ki bi yadda marubuci ya sa sunansa a bangon aikinsa, kada ya zama mutum biyu a jerinki. Zotero, manhajar tsara manazarta, yana rage wahala sosai, amma abin da aka zuba masa shi yake fitarwa, ki duba ƙ da ɗ da ɓ da kanki.

Ɗalibar digiri na biyu: Na gode, Allah ya saka da alheri. Na gano 9 cikin 11 ɗin. Maganar da na kwafa bara kuwa ina kyautata zaton daga wata mujalla mai koren bango ce a ɗakin karatun sashenmu. Ranar Litinin zan je in bi su ɗaya bayan ɗaya. In ban same ta ba zuwa Laraba, zan cire ta daga babin.