Taƙaitawa: Shawarwari kan Zaɓen Shafin Bincike a Intanet

A wata tattaunawa da wasu 'yan kasuwa da ɗalibai Hausawa suka yi a Agege da ke Legas, an taɓo batun yadda mutum zai gane shafin matambayi ba ya ɓata da ya fi dacewa da buƙatarsa. Yawancinsu sun yarda cewa ba su zaɓi Google da kansu ba, a cikin wayar Android suka tarar da shi tun daga shago. Saboda haka aka ba da shawarar mutum ya rubuta tambaya guda a Google da kuma Bing na kamfanin Microsoft, sannan ya auna amsoshin.

Batun talla ne ya fi ɗaukar lokaci, kuma a ganina ya cancanci hakan. Wani dillalin albasa na kasuwar Mile 12 ya nuna a fuskar wayarsa yadda sakamakon farko kan zo da 'yar ƙaramar alamar talla, wato kuɗi aka biya aka ɗora shi a sama, ba ingancinsa ne ya kai shi can ba. Aka ce a riƙa gangarawa ƙasa, a kuma duba ranar da aka wallafa bayanin, domin farashin bara ba ya amfanar mai sari a bana.

Masu kaffa-kaffa da sirrinsu sun ambaci shafin bincike na DuckDuckGo, wanda aka kafa a 2008, saboda ba ya ajiye tarihin binciken mutum, kodayake yawancin sakamakonsa daga Bing yake samo su. Mai bincike da Hausa kuwa, an shawarce shi ya gwada rubuta kalma da baƙaƙe masu lanƙwasa, sannan ya sake rubuta ta ba tare da su ba, domin shafuka da dama ba sa amfani da su.